Ƙofar da Na Ƙera

Ƙarfe biyu na dare ruwa ke zuwa unguwarmu,
in ya ga dama.
Ina tsugune gaban famfo da bido shida,
Damagaram na barci, duwatsu na gadinta,
sai maganar nan ta sake taɓa ni a kafaɗa:
Barnaba, akwai mutanena a gidan kaso.

Na ce, Ubangiji, ka yi ɓatan kai.
Gidan Fasto Magaji na can bayan kanti,
shi ke da tabarau, shi ke da murya.
Ni a aji huɗu na baro lakwal,
kuma harshena, ai kai ka yi shi,
kalma ɗaya sai na sare ta gida uku
kafin ta fita.

Ruwa ya ci gaba da ɗiga. Bai ce komai ba.

Wata bakwai ina jera masa dalilai
kamar yadda nake jera rodi a bakin shago.
Na ce bashin jika arba'in na wuyana.
Na ce bari azumin maƙwabta ya wuce,
bari damina ta sauka, bari a yanke gero,
bari Tabita ta haihu.
Tabita ta haihu, yaro har ya yi haƙori biyu.
Sai na ciro babban, wanda nake ɓoyewa:
ka manta shekarun da na yi a ƙasan kwalba?
Rabin Sabon Gari sun taɓa tsallake ni a kwata.
Wa zai karɓi wa'azi daga bakin nan?

Tabita na tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.
Ta ce, kullum kana cewa ƙarfen da ya taɓa karyewa
a wurin ɗaurin ya fi ƙarfi.
Ko ga masu kawo maka aiki kawai kake faɗa?

Ranar Asabar na tafi.
Ba don tsoro ya sake ni ba, tare muka tafi,
shi a gaba, ni a baya,
da sabulu uku da ƙunshin ƙuli-ƙuli.
Sau biyu na juya babur a hanyar Birni.
Na uku mai ya kusa ƙarewa, na ji kunya.

Gardi ya duba leda, ya duba ni, ya ja sakata.
Sai na ga ƙofar.
Na san ta. Ga tabon da hannuna ya goce,
shekara tara ke nan, ranar ina cikin maye,
aka biya ni, na shanye kuɗin kafin magariba.
Ni na ƙera abin da ke rufe su,
ban taɓa tambayar wa ke bayanta ba.

Wani yaro, Mutari, ya matsa mini a tabarma.
Na buɗe baki in ce Yesu,
harshe ya maƙale a harafin farko,
ya yi ta bugawa kamar injin da ya ƙi tashi.
Na jira dariya.
Mutari ya ce, Baba, yi a hankali,
mu nan ba inda za mu.

Ban yi wa'azi ba. Na faɗa musu labarin kwata,
da wanda ya sunkuyo bai toshe hanci ba.
Wani ya yi hamma. Wani ya roƙi ƙarin sabulu.
Mutari ya ce in gaya wa uwarsa a Garin Malam
tari ya yi sauƙi.

Yau ma ƙarfe biyu ina gaban famfo.
Bashin na nan, harshen na nan yadda yake.
Gobe Asabar.
Na sayi sabulu biyar.